Dogondutsi: Rigar Kokowa Mai Neman Shaida

Matafiyin da ya baro Yamai ya miƙi babbar hanyar gabas, bayan kimanin kilomita 270 zai hango jan dutsen nan da ya ba Dogondutsi suna. Nan ce cibiyar Arewa, inda Dallol Mauri ya ratsa ya gangara wajen Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. A wannan ƙasa, da zarar an gama girbin hatsi, ba abin da ke tara jama'a kamar kokowa. Tun da aka soma gasar takobi a Tawa a 1975, jahar Doso ba ta rasa gwanaye ba. Filin kokowarta ma sunan Salma Ɗan Rani aka raɗa masa.

A wata rumfa kusa da tasha, wani ɗan kasuwa na ajiye da riga cikin leda. A ƙirjinta akwai sa hannu da aka ce na Kadri Abdu ne, wato Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Daga hannun wani yaron mota ya saye ta, shi kuma yaron ya ce a bakin fili aka ba shi. Yanzu wani Alhaji daga Kabi ya taya ta da daraja.

Nan fa shawara ta rabu. Maƙwabtansa na cewa ya karɓi kuɗinsa, ai mai saye bai tambaya ba. Bincike kuwa zai ci kuɗin mota zuwa Doso, ya rufe rumfa kwana biyu, kuma ana iya dawowa da labarin cewa rigar ba ta fi ta gwanjo ba. Amma shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma tsakanin Dutsi, Kore Mairuwa da Tibiri, labarin algus ya fi mota sauri. Wanda aka kama da rigar jabu, gobe har mudun hatsinsa sai an sake aunawa.

Wani ma'aikaci ya ba shi shawara ya kai ta ofishin magajin gari a buga hatimi. Wannan kuskure ne da ya yawaita har cikin masu boko: hatimin yana tabbatar da hannun da aka sa a gaban jami'i, ba wanda aka sa bara a kan tufa ba.

Turawa ma ba su tsira ba. A 2022, lokacin da kamfanin Sotheby's zai yi gwanjon rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986, ƴarsa ta musanta cewa ita ce ya ci ƙwallayen da ita. Sai da aka gwada ta da hotunan wasan, zare da zare, kana aka sayar da ita fam miliyan 7 da ɗoriya.

Arewa ba ta da irin waɗannan masana, amma tana da abin da ya fi sauƙi: mai hannun yana nan da ransa, makaɗa da ƴan tawagar Doso sun san rigunan kowace shekara. Ɗan kasuwar ya roƙi Alhaji ya ba shi mako guda. Alhaji ya ce zai duba, bai dai yi alkawari ba.