Annecy, Garin da Ya Karrama Kiriku

Daga Liyon jirgin ƙasa ya kai ni Annecy, wani ɗan gari a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Tafki a gaba, duwatsu a baya, ruwan garau har kana hango tsakuwar ƙasa. Watan Yuni ne, lokacin bikin finafinan zane da garin ya soma tun 1960. Da almuru sai jama'a su cika filin ciyawa na bakin tafkin, tsofaffi da jikoki, a kafa ƙaton majigi a yi kallo kyauta. A zaurukan kallo kuwa suna da al'ada: kafin a kashe fitila, sai su riƙa harba jiragen takarda zuwa dandamali, wanda nasa ya isa a tafa masa.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne yadda suke riƙe da Kiriku, wannan ɗan mitsitsin yaro da ya yi magana tun yana cikin mahaifiyarsa, wanda yaranmu ma sun san shi. Fim ɗinsa ya fito a 1998, ya ci babbar kyautar dogon fim a wannan biki a 1999. A kantunan littattafai na ga Turawa iyaye suna saya wa 'ya'yansu labarinsa, yaran suna nuna Karaba, mayyar da ke labarin, da yatsa suna faɗin sunanta.

Sai mutum ya tuna yadda ake nuna waɗanda ba Turawa ba a finafinan zane a da, sannan zai san darajar wannan. A Peter Pan na 1953 an mai da 'yan asalin Amurka abin dariya. A Aladdin na 1992 sai da Larabawan Amurka suka yi ƙorafi kafin a gyara wani baiti na waƙar buɗewa. Disney ba ta fitar da baƙar gimbiya ba sai 2009. Shi kuwa Michel Ocelot, mai fim ɗin Kiriku, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya cika fim ɗinsa da baƙar fata zalla, daga jarumi har mayya, har kakan nan mai hikima na cikin dutse. A Dakar aka ɗauki muryoyi, Youssou N'Dour ya yi kiɗa. Ita Karaba ma ba a bar ta a muguwa kawai ba. Kiriku ya dage da tambayar abin da ya sa take mugunta, har ya gano ƙayar da maza suka soka mata a gadon baya. Wallahi wannan girmama hankalin yaro ne.

A 2006 Ocelot ya ƙara da fim ɗin Azur da Asmar, labarin yara biyu da suka sha nono ɗaya, ɗan Bature mai shuɗin ido da ɗan mai rainonsa Balarabiya, suka tashi neman sarauniyar aljanu. Da gangan ya ƙi fassara Larabcin da ke ciki, domin ɗan Faransa ya ɗanɗana yadda baƙo ke ji a ƙasar da bai iya harshenta ba. Mu da muka san nauyin 'yan'uwantakar shayarwa ba ma buƙatar bayani.

A 2022 bikin Annecy ya ba Ocelot lambar girmamawa. Duk mai yara, ya nemi finafinan nan biyu ya zauna ya kalla tare da su.