Yabon Kai a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kuma a kan haka aka rene mu. Amma wanda aka kira intabiyu ta neman aiki, abin da ake bukata a wurinsa ke nan, wato ya zauna gaban baƙin ido ya faɗi gwanintarsa da bakinsa.

Yayana ya karanta ilmin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana zana wa 'yan kasuwa shaguna kafin wani kamfani a Abuja ya kira shi. Mahaifinmu ya yi ritaya, ga ƙanne huɗu a makaranta, saboda haka gidan duka ya zuba wa kiran nan ido. Ni aka ɗora wa aikin yi masa tambayoyi kowane dare bayan sallar isha'i.

Abin da na fara lura da shi, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne Yaya ba ya cewa "na zana". Sai "an zana", "aka gyara", wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa. Ko ya juya Turanci, haka yake kewaye kansa. Na ce, "Yaya, wai wa ya zana?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai kai ma ka sani." To, ni na sani, amma su waɗancan fa?

Sai na bar tambayar "me ka yi", na koma "don me". Don me tagogin asibitin da ya zana a shekararsa ta ƙarshe suka dubi kudu da arewa? Nan take bakinsa ya buɗe. Ya ce hantsi da ranar la'asar ta gabas da yamma suke shigowa, su ne kuwa masu dafa ɗaki. Bango mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi. Wurin jiran marasa lafiya kuwa daga zaure ya aro shi. Daga nan ya gangara Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ya bayyana yadda azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina ke ɗora guntayenta bisa juna, suna ɗaurewa, har su haɗa bakan gizo. Cikin wannan bayani na ƙirga "na ga", "na zaɓa", "na ƙi" har sau tara, shi bai ma sani ba.

Zane-zanensa 40 mun tace sun koma 12, kowane da dalilinsa. Tambaya ɗaya ce har yanzu ta gagare mu. Duk lokacin da na ce, "Nawa kake so a biya ka?" sai Yaya ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa albarka a abin da aka bayar."