Inuwa a Zangon Wagadugu

Duk wanda ya san Wagadugu kafin 2003 ya san Zango, unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari, wadda ake rubutawa Zangouettin da Faransanci. Sunan kansa ya nuna asalinta: masaukin fatake. A shekarar nan ce hukuma ta rushe ta domin shirin ZACA, jama'a suka watsu.

Fatake sun san cewa a zango, inda bukkarka ta sa gaba shi ke ba ka barci ko ya hana ka. A ƙasar Mosi hadari daga gabas yake tasowa, iska na gaba ruwa na biye. Wanda ya buɗe ƙofa gabas, tabarmarsa ta jiƙe ke nan. Hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta arewa maso gabas yake kwararo ƙura. Yamma fa? Can ranar la'asar take, ga shi a Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Saura kudu, mai sauƙin sha'ani.

Direbobin manyan motoci ne suka gaji wannan sani. A tashar Ouagarinter, tsohon hannu ba ya barin gilashin gaba ya kalli yamma, don kan mota zai zama tanda. Sai ya sa kai kudu, tsawon motar ya tare rana, ya yi shimfiɗa a gefen gabas, ya ɗora shayi. Sabon shiga ne ke ruɗuwa da inuwar safe. Amma da hadari ya haɗo, sai ka ga kowa ya naɗe tabarma ya zagaya yamma.