Gansakukar Dutse A Ƙasar Makera

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makera ya nufi madatsar ruwa ta Zobe, ko ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, zai ga falalen duwatsu kwance a tsakanin gonaki. Kaɗan ne ke tsayawa su duba dabbare-dabbaren da ke jikinsu, wasu ruwan toka, wasu ruwan ƙasa. Galibi ana ɗauka datti ne ko kashin tsuntsaye, alhali halitta ce mai rai, wadda masana ke kira laikin, mu kuma mu ce gansakukar dutse.

Gane ta ba wuya. Ba ta da saiwa, ba ta da fure. Irin da aka fi gani a kan dutse yana mannewa kamar fenti, farce ba ya ɓamɓare shi. Wani irin yana da gefe mai kama da busasshen ganye, ana kuma samunsa a ɓawon itatuwa da tsofaffin katangu. Da rani takan bushe kamar ta mutu. A yayyafa mata ruwa, cikin ɗan lokaci launinta zai sauya, ta farfaɗo.

A shekarar 1867 masanin tsirrai na ƙasar Siwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa halittu biyu ne a jiki ɗaya: funfuna da gansakuka. Funfunar ce gida, ita ke riƙe laima; gansakukar kuma ke haɗa abinci daga hasken rana. Tare suke fitar da sinadaran da ke narkar da fuskar dutse sannu a hankali, har ta zama ƙasa. Ita ma maƙera ce, sai dai babu guduma.

Girman mai mannewar sau da yawa bai wuce milimita 1 a shekara ba, don haka dabbare mai faɗin tafin hannu zai iya girme wa mai kallonsa. Ba ta kuma jure gurɓatacciyar iska, kamar yadda William Nylander ya lura a birnin Faris tun 1866.

Abin da ya yi shekaru yana tsiro, masu fasa dutse kan kawar da shi a wuni guda. Ba a hana kowa neman halal ba. Amma ya kamata ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su fita da kyamara da magwaji, su rubuta irin da ke kan kowane fa. Da wannan kundi ne na baya za su auna yadda iskar ƙasarmu ta sauya.