Kyauta mai ƙofa guda

Kai da ka fara karatu bana ko bara, akwai wani littafi da nake so ka san da shi. Ba shi da bango, ba a saida shi kasuwa. Cikin wayar salula yake, inda ake cewa intanet. Sunansa Wikipedia. An buɗe shi ran 15 ga Janairu 2001 a ƙasar Amurka. Jimmy Wales da Larry Sanger ne sunka soma shi. In ka rubuta Damagaram, ko tafkin Cadi, ko zazzaɓin cizon sauro, sai bayani ya fito maka. Mutane ne na ƙasashe daban-daban ke rubuta shi don ganin damarsu, ba a biyansu ko dala. Babu talla a ciki. Da gudummawar jama'a yake tafiya.

To, littafin kyauta ne, amma hanyar zuwa wurinsa ba kyauta ba ce. Ka san wannan sarai. Sai ka sa kati, ka sayi mega, kana waya ta buɗe maka. Ni kaina, in na sa na dala ɗari, lissafi nake yi kamar mai awon gero a watan bazara: wannan na gaida ɗana da ke ci-rani, wannan na saƙon murya. Karatu shi ke zuwa ƙarshe, in an samu saura.

Masu kula da littafin sun ga wannan matsala. A shekarar 2012 sai sunka fito da wani shiri mai suna Wikipedia Zero, wato sifiri. Sunka shirya da kamfanonin waya cewa duk wanda ya buɗe Wikipedia, kada a cire masa mega. Kamfanin da anka fara sa hannu da shi Orange ne, wanda lokacin nan yana aiki har nan Nijar. Ba su biya kamfanonin kuɗi ba, kamfanonin ma ba su biya su ba. Shirin ya kai ƙasashe 72, da kamfanoni 97.

Za ka ce, ai wannan alheri ne, wa zai yi gardama da shi? An ko yi gardama, mai zafi ma.

Bari in kai ka kasuwa, don can abin ya fi fitowa fili. A ce mai kabu-kabu ya tsaya bakin ƙauyenku ranar kasuwa, ya ce: duk mai zuwa rumfar Alhaji wane ya hau kyauta, mai zuwa wata rumfa kuwa ya biya. Kai talaka ka ji daɗi, ba shakka. Amma ka dubi yarinyar da ta kafa tebur jiya-jiya a ƙarshen layi. Ko kayanta sun fi kyau, ko sun fi araha, wa zai kai wurinta? Bayan shekara guda ta tattara ta koma gida. Alhaji ya rage shi kaɗai, kuma ranar nan shi zai faɗi farashi.

Masu gardamar haka sunka ce. Kamfanin waya mai hanya ne. Aikinsa ya kai ka inda kake so, kuɗi ɗaya ga kowa. Ranar da ya fara zaɓen inda za ka je kyauta, ya fara zaɓa maka abin da za ka karanta ke nan. Sunka ce yau Wikipedia ce, wadda ba ta neman riba, amma in an buɗe wannan ƙofa, gobe mai neman riba zai bi ta cikinta.

Ba a daɗe ba kuwa. A 2013 kamfanin Facebook ya kafa nasa shiri, wanda daga baya anka kira Free Basics. Shafuka kaɗan ne a ciki, ana shiga kyauta, kuma Facebook ɗin shi ke riƙe da makullin. A ƙasar Indiya mutane sunka tashi tsaye, sunka yi ta aika wa hukuma takardu. A watan Fabrairu 2016 hukumar da ke kula da kamfanonin waya ta can ta yanke hukunci: ba a yarda kamfani ya bambanta farashi don abin da mutum ke karantawa ko kallo ba. Dokar ba ta ware kowa ba, mai riba da marar riba.

Ga wani abin dariya da ya faru a Angola wajen shekarar nan. Da samari sunka gane wannan ƙofa kyauta ce, sai sunka riƙa ɓoye finafinai da waƙoƙi cikin rumbun hotunan Wikipedia, suna gaya wa juna inda suke. Masu kula suna sharewa, su kuma suna maidawa. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda anka ba taga ɗaya, ta nan zai shigo da buhunsa.

A 2018 anka rufe Wikipedia Zero. Masu shi sunka ce masu amfani da shirin sun ragu, farashin intanet yana sakewa, kuma a ƙasashe da dama mutane ba su ma san da littafin ba.

Ina nake tsaye? Ina jin tausayin ɗan lakol da ba shi da ko littafi guda a gida, wanda wannan kyauta ta taimaka wa. Mai ƙoshi ne ke da saurin cewa a hana. Duk da haka ina bayan masu gardama. Na fi son a rage kuɗin mega ga kowa, ko a ba mutum ɗan kaɗan kyauta, ya je inda ransa ke so. Ka sha wahala kafin ka iya karatu. Ka zauna kan tabarma da dare bayan aikin gona, ƴaƴanka na yi maka dariya. Ba ka yi haka don wani kamfani ya zaɓa maka shafi ba.

Akwai kuma abin da masu gardamar ba su cika faɗi ba, mu ko ya dame mu. Ko an buɗe ƙofar kyauta, da wane harshe za ka karanta? Wikipedia ta Ingilishi tana da maƙala fiye da miliyan 6, ta Faransanci fiye da miliyan 2. Ta Hausa tana nan, tana ƙaruwa, amma ƙarama ce ƙwarai kusa da su. Ƙauyuka da yawa na ƙasarmu, in ka nemi sunansu, layi biyu za ka tarar, ko ba komi.

A saman kowane shafi akwai wurin da anka rubuta "Gyara". Ba sai mai babbar takarda ba, kowa na iya taɓawa. Sharaɗi dai, ka faɗi inda ka samo maganar, littafi ko jarida, don ba a karɓar "an ce". In kuna da mai waya babba a ajinku, ku roƙe shi ya zo da ita mako mai zuwa, ku haɗa kuɗin mega, ku nemi sunan garinku ku ga abin da anka rubuta.