Kwana Uku A Daji Da Uwar Mijina

Duk mai kallon finafinanmu ya san yadda ake fito da uwar miji: ga ta nan a kan kujera 'yar tsugunno, ta sha kunu, tana jiran matar ɗanta ta yi kuskure. To ni tawa surukar ba ta zagi, ba ta gori. Shiru ne makaminta, kuma wallahi da shirun nan gara a zage ka ka san matsayinka.

Hajiya ta zo mana Amurka a watan Mayun 2022, za ta yi wata biyar. Muna zaune a birnin Miniyafolis na jihar Minesota, ni da baban yara da 'ya'yanmu biyu, Abba mai shekara 11 da Nana mai shekara 7. Tun a filin jirgi matsalar ta fito fili. Ta rungume Abba, wanda sunan marigayi mijinta ne da shi, tana cewa, "Angona, haka ka girma ba ka ko nemi amaryarka ba?" Yaro ya juyo ya dube ni yana jiran fassara. Na ga fuskarta ta canja, amma ba ta ce uffan ba.

Haka aka yi wata biyu. Mu fita aiki, yara su shige ɗakunansu da wayoyi, ita kuma ta zauna a bakin taga da carbi. Wata rana na dawo daga aikin dare, na ji tana waya da 'yarta ta Kano tana cewa, "Jikokin nawa dai an mayar min da su Turawa. Gaisuwa ma sai da tafinta." Ba ta ambaci sunana ba, amma ai kowa ya san idan an ce "an mayar" wa ake nufi. Na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Yanzu bari in yi wa mai karatu bayanin yadda aka yi har muka je daji. A ƙasar nan kowace jiha tana da gandayen dajinta da gwamnati ke kula da su, kuma idan zafi ya shigo iyalai kan loda tanti da tukwane a mota su je su kwana biyu a bakin tafki. A Minesota ana buɗe kama wuri ta intanet tun saura kwana 120, kuma wurare masu kyau nan da nan suke ƙarewa. Mu tun a watan Maris muka kama namu a gandun Itaska, kafin ma bizar Hajiya ta fito. Da ƙarshen Yuli ya zo, ba yadda za a yi mu bar ta ita kaɗai a gida.

Da ɗanta ya gaya mata, sai ta ajiye carbin. "Wato kuɗi za ku biya ku je ku kwana a daji? A ƙasa? Ga gida da katifa?" Ya ce hutu ne. Ta ce, "Hutu! Bayin Allah da aka kwashe a jirgin ƙasan Kaduna suna can daji yau wata huɗu, iyayensu ko barci ba sa yi, ku kuma kuna sayen kwanan daji." Babu wanda ya iya ba ta amsa, don gaskiya ta faɗa. An kai harin nan ranar 28 ga Maris 2022, kuma sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu. A wurinta, duk wanda ya kwana a daji a wannan zamani to kai shi aka yi. Da ƙyar ta yarda, amma ta ce sai da butarta, da muciyarta, da ƙullin kuka da daddawa da ta zo da su.

Tafiyar kusan awa huɗu ce zuwa arewa. An kafa gandun Itaska a 1891, shi ne mafi tsufa a jihar. Faɗinsa ya haura eka 32,000, da tafkuna sama da 100 a ciki. Akwai dogayen itatuwa masu ganye kamar allura waɗanda wasunsu sun haura shekara 200, in ka ɗaga kai sai ɗankwali ya zame. Zangonmu a bakin babban tafkin yake, kuma irin wurin da mota ba ta isa muka kama: a ajiye mota, a loda kaya a 'yar kura a tura. Babu lantarki. Abin da aka tanada kawai fili ne na kafa tanti, da teburin katako mai benci, da murhun ƙarfe zagayayye. Famfo da banɗaki sai an ɗan taka.

Tanti biyu muka kafa, ɗaya na baban yara da Abba, ɗaya namu mata. Sai a lokacin na tuna cewa yau kafaɗa da kafaɗa zan kwana da surukata, ni da ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. Hajiya ta dubi inda suka kafa nasu ta ce, "Gaya wa wancan yaron nan kwari ne, in ruwa ya zo nan zai kwanta." Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Shi kuwa ya dubi waya ya ce ba a hango ruwa ba.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne itace. Nana ta fara tsinto ƙirare sai babanta ya hana, don doka ta hana ɗibar itace a gandun, kuma ba a so ka taho da naka daga nesa. Dalili kuwa wani ɗan ƙwaro ne kore ɗan asalin Asiya mai cin cikin itace, wanda aka fara gani a Amurka a 2002, ya ɓulla a Minesota a 2009, kuma a cikin itacen girki yake bin mutane daga gari zuwa gari. Don haka sai dai ka sayi ɗauri a cikin gandun. Hajiya ta tafa hannu: "Ikon Allah! A tsakiyar daji ana sayen itace. In na faɗa a Haɗeja cewa za a yi na fara ruɗewa."

Baban yara ya ƙarar da rabin ashana wuta ta ƙi kamawa. Hajiya ta gaji da kallo, ta ce, "Ke Bilki, miƙo min wuƙa." Ta tsattsage itace ɗaya sirara-sirara, ta jera su da 'yar ƙofar iska, ta durƙusa ta hura sau uku. Wuta ta tashi. Abba ya saki baki. Daren nan tuwon shinkafa miyar kuka muka ci a bakin tafki, maƙwabtanmu Turawa na gasa nasu naman suna waiwayen ƙamshin daddawa. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 9, sauro kuwa ya ce salamu alaikum. Ta kashe ɗaya a hannu ta duba ta ce, "Kai ma ka samu biza ke nan?" Ita ce kuma ta riƙa duba wuyan yara da bayan kunnensu saboda kaska, don kaskar wurin tana sa cuta. Ta ce wanda ya tashi cikin awaki ba a koya masa neman kaska.

Can cikin dare wani kuka ya taso daga tsakiyar ruwa, dogo, kamar mace na rusa kukan mutuwa. Na ji Hajiya ta damƙi hannuna tana karanto Ayatul Kursiyyu. Na ce, "Hajiya, ku kwantar da hankali, tsuntsu ne." Wani tsuntsun ruwa ne mai jan ido da suke kira lun, shi ne ma tsuntsun da jihar ta ɗauka alamarta. Ta ce, "Tsuntsu ko ba tsuntsu ba, bari dai in ƙarasa." Ba ta saki hannuna ba har barci ya ɗauke ta.

Washegari muka je ganin abin da ya sa gandun ya yi suna. Daga wannan tafki ne kogin Misisipi yake farawa. Wallahi in ka gan shi a nan sai ka rantse rafin bayan gari ne: ruwa iya gwiwa, yana malala ta kan jerin duwatsu, yara na tsallakawa. Akwai gungumen itace da aka rubuta cewa daga nan ruwan zai yi tafiyar mil 2,552 kafin ya faɗa teku. Na fassara wa Hajiya cewa wani Bature mai suna Schoolcraft ne aka ce ya gano tushen a 1832, kuma wani mutumin ƙabilar Ojibuwe mai suna Ozawindib ne ya yi masa jagora. Ta ce, "To shi wanda ya nuna masa hanyar fa, a ɓace yake?" Na tuna yadda aka sa mu haddace a firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, na yi dariya har da hawaye.

Sai ga Hajiya ta cire takalmi, ta tattare zani, ta shiga ruwa. Ta miƙa wa Abba hannu ta ce, "Zo ka tsallakar da amaryarka." Wannan karon bai dube ni ba. Ya kama hannunta suka haye.

Ashe ni ce ban san wadda nake zaune da ita ba. Shekara 13 da aurena ban taɓa sanin mahaifinta masunci ba ne a fadamar Haɗeja, a bakin ruwa ta yi wayo. Da ta ga wata ciyawa tsaye a gefen tafki ta ce wannan ai dangin shinkafa ce. Haka ne kuwa, shinkafar daji ce da Ojibuwe ke girba daga ƙarshen Agusta, a cikin kwalekwale, suna kaɗe ta da sanduna biyu. Ta ba mu labarin yadda ambaliya ke cika fadamarsu kowace damina, a samu kifi da shinkafa, har aka datse ruwa a Tiga a 1974 ambaliyar ta ragu, masunta da dama suka canja sana'a. Ni kuwa abin da na sani game da Tiga bai wuce wurin da ake zuwa ɗaukar waƙar fim ba. Na gaya mata cewa nan ma an taɓa rigimar datse ruwa: a 1903 masu saran katako suka tare bakin tafkin har ruwa ya fara cin itatuwa, wata budurwa 'yar shekara 24 mai suna Mary Gibbs, wadda ke riƙe da gandun bayan rasuwar mahaifinta, ta tsaya a gaban mai bindiga ta ce sai an buɗe. Hajiya ta ce, "Allah Ya yi 'ya. Mu ba mu samu irinta ba."

Da yamma ta zauna da Abba a bakin ruwa da fatsa. Ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, ya maimaita: ƙugiya, tana, igiya, kifi. Ya kama ɗan ƙaramin kifi mai kama da karfasa, ya ruga yana ihu, "Hajiya, kifi! Na kama kifi!" Jimlar Hausa ta farko ke nan da na ji ya haɗa da kansa ba a ce masa "ce kaza" ba.

Daren ne ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tantin maza ya zama kududdufi, daidai inda ta nuna. Baban yara ya ruga mota, Abba ya shigo namu jiƙe sharkaf. Ga tsawa, ga duhu, wayoyi duk caji ya ƙare, Nana na kuka. Sai muka ji murya a cikin duhu: "Ga ta nan, ga ta nanku." Bakina ya amsa da kansa, "Ta zo mu ji ta." Ta kama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na fara fassarawa, ta dafa ƙafata ta ce, "Bar su, Bilki." Ta riƙa yin muryar Gizo da tsamin bakinsa, tana kwaikwayon tafiyar kura da yatsu a bayan Nana. Allah kaɗai Ya san nawa suka fahimta, amma dariya suka yi ta yi har ruwa ya tsagaita.

A dare na uku, bayan yara sun kwanta, muka rage ni da ita a bakin wuta. Na yi ta maza na ce, "Hajiya, na ji maganar da kuka yi a waya. Laifina ne. Ina dawowa a gajiye, Turancin ya fi saurin shiga kunnensu, sai na bi mai sauƙi." Ta daɗe tana gyara bakin wuta. Sannan ta ce, "Ni ma da na zo ai zama na yi ina jiran su same ni. Gidan naku kowa da ɗakinsa da ƙofarsa. Kuma shi wancan yaron ba shi da baki ne? Ke kaɗai kika haife su?" Ta ƙara itace ɗaya, ta ce, "Rabona da in kwana in ji ƙarar ruwa ba tare da fargaba ba, na manta. Allah Ya dawo mana da namu dajin." Na ce amin, muryata na rawa.

Ta koma gida a watan Oktoba. Ba zan yi muku ƙarya in ce yarana sun zama Hausawan Kano ba. Abba har yau yana ce wa mace "ka", Nana kuma ta fi ji fiye da mayarwa. Amma mun sa doka, daga an zuba abincin dare ba Turanci, har da babansu. Kowace Lahadi Abba ne ke kiranta a WhatsApp, ita kuma tambayarta ta farko kullum ita ce ko angon ya kamo wa amarya kifi.

Muciyar ta bar min ita, gefenta ɗaya ya ƙone a murhun Itaska. Tana cikin akwatin kayan daji tare da butar, kuma duk shekarar da muka je sai na duba kwari kafin a kafa tanti. Iyaye mata da ke zaune a ƙasashen waje, ina gaishe ku. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.