Garin Da Zoɓon Yaya Ya Ƙi Zama

 Yau labarin tafiya na zo muku da shi, tafiyar da na yi a watan Agusta na 2023 zuwa wani gari mai suna Filagistaf a jihar Arizona ta ƙasar Amurka, inda aure ya kai Yayata wadda nake bi. Karatu ne ya kai mijinta jami'ar garin, ya gama ya sami aiki, a 2019 aka ɗaura aure aka kai masa amarya. Tun daga ranar ban sake sa ta a ido ba sai wannan karo.

A birnin Finiks jirgi ya sauke ni, kuma wallahi ina fitowa na ji wani hucin zafi ya mare ni, irin wanda ko Sakkwato a watan Afrilu albarka. Na ce a raina, to ina sanyin da Yaya take ta kuka da shi a waya? Muka kama hanya muka nufi arewa, tafiyar awa 2 da 'yan kai, mota sai hawa take yi. Da farko ba abin da kike gani sai wasu itatuwa masu ƙaya marasa ganye, sun ɗaga rassa sama kamar mutumin da ɗan sanda ya tsare. Can sai suka ɓace, iska ta sauya, kunnena ya toshe, sai ga mu cikin wani daji na dogayen bishiyoyi miƙaƙƙu kamar falwayar lantarki. Mijin Yaya ya ce, "Auta, kin shigo dajin fain ke nan. Garin nan yana bisan teku da mita 2,100, dutsen can kuwa da kike hangowa ya kai mita 3,850, babu wanda ya fi shi tsawo a duk jihar."

Wannan irin fain ɗin sunansa fondarosa. Ganyensa kamar allurai ne, uku-uku a ɗaure, tsawon kowanne ya kusa taƙi. In bishiyar tana ƙarama ɓawonta baƙi ne, in ta tsufa sai ya koma ruwan ɗorawa mai ja-ja. Yaya ta kama hannuna ta ce in sa hancina a tsagar ɓawon in shinshina. Na ce, "Haba Yaya, mutane su ce na zare?" Ta ce in dai yi. Kai jama'a! Ƙamshin fanila sak, irin wanda muke sawa a kek ɗin biki.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar shi ne ɗan lambun da ke bayan gidanta, da labarin da ta ba ni a kansa wata rana bayan la'asar muna shan shayi.

Ta ce shekararta ta farko kullum cikin kuka take. Miji ya fita tun safe, babu mai leƙowa ya ce ina kwana, babu tallan ƙosai, babu kiran salla sai na waya. Dusar ƙanƙara kuwa a garin takan zuba fiye da mita 2 in an haɗa ta shekara. Da sanyi ya ja baya a watan Mayu sai ta ce bari ta yi wa kanta gida a bayan gida. Ta je kantin iri ta samo kuɓewa da zoɓo, ta shuka, tana ba su ruwa safe da yamma kamar mai reno. Suka fito gwanin sha'awa. Wata safiya a farkon Yuni ta fito ta tarar sun yi baƙi sun kwanta, sanyin dare ya ƙone su ƙurmus. Ashe a garin nan raɓa takan daskare har cikin Yuni, ta kuma dawo a Satumba, kwanakin noma duka-duka ba su wuce 100 da 'yan kai ba, zoɓo kuwa ɗan rana ne mai son dogon zafi. 'Yan furannin kanti da ta saya daga baya, barewa da wasu manyan namun daji masu girman gwanki suka tsallako da dare suka cinye.

Ta ce, "Auta, ranar nan na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Na ce yadda zoɓon nan ya ƙi zama haka ni ma ba zan zauna ba. Har na fara haɗa akwati, Allah ne shaidata."

Ana cikin haka sai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarta, wadda Yaya take kira Kaka, ta leƙo ta katanga. Ta dubi matattun shukokin ta girgiza kai ta ce, "'Yata, kin gayyato baƙi alhali ba ki gaisa da 'yan gida ba. Gobe ki shirya in kai ki ki gan su."

Inda ta kai ta, nan ni ma Yaya ta kai ni. Wani katafaren lambu ne a gefen gari, eka 200, wanda wata mata mai suna Frances McAllister ta kafa a 1981 don adana tsirran wannan tudu. Ku ji fa, mace ce ta yi wannan aiki. A nan na ga 'yan gidan da Kaka take nufi, su ne kuma yanzu suka cika bayan gidan Yaya.

Akwai wani fure ja mai suna fenistimon, Yaya kuwa kakaki take ce masa saboda siffarsa. Wasu mitsi-mitsin tsuntsaye masu dogon baki, masu kama da sha-kauci namu, suna zuwa su tsaya cak a iska suna zuƙar zumarsa. Yana da ɗan uwa shuɗi mai ruwan shanshanbale. Akwai kuma wani shuɗin fure siriri da yake buɗewa da hantsi, kafin la'asar ya zube, gobe wani sabo ya fito a madadinsa. Sai wani mai farin fure a tattare kamar faifai, ganyensa kamar gashin tsuntsu, tun zamanin da ake sa shi a rauni don tsayar da jini. Da na tambayi sunansa Kaka ta ce "yaro". Na ce wane yaro? Yaya ta fashe da dariya har da riƙe ciki ta ce, "Haka sunansa yake a bakinsu. Mu muna da dogon yaro, su kuma gajeren yaro Allah ya ba su." Duk waɗannan in sanyi ya zo samansu ne yake bushewa, saiwar tana nan da ranta a ƙasa, bazara na yi su sake tohowa. Shuka ɗaya ce, ba a sake sayen iri kowace shekara.

A ɓangaren ƙananan itatuwa kuwa, akwai wardin daji mai fure ruwan hoda, ganyen furen 5 kacal amma ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Akwai sumak mai ganye uku, 'ya'yansa ja masu tsami, ana jiƙa su a sha kamar yadda muke yi da tsamiya, kuma da rassansa mutanen asalin ƙasar irin su Nabaho da Afaci suke saƙa kwanduna. Akwai wanda sunansa in an fassara yake nufin burushin zomo, a Satumba yakan yi fure rawaya shar, da shi masaƙan Nabaho suke rina zaren ulu. A ƙarƙashin fain inda inuwa ta yi yawa sai ta sa wani mai rarrafe, mahoniya, wanda ganyensa ba ya zuba ko cikin ƙanƙara.

Na tambayi Kaka sirrin abin. Ta ce waɗannan sun san halin garin. Sun san Mayu da Yuni fari ne, sun san damina sai Yuli zuwa Satumba, sun saba da ƙasar nan mai duwatsu da tokar dutse mai aman wuta. Shekara 1 zuwa 2 na farko ne suke son a riƙa ba su ruwa, a jiƙa ƙasa sosai amma jefi-jefi don saiwa ta nutsa, bayan nan sai kaɗan. Taki mai yawa ma lalata su yake yi. Ta kuma gargaɗe mu cewa ba a shiga dajin gwamnati a tumɓuko tsiro ba tare da izini ba, wurin masu reno ake saya.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, daga jikin bangon gidan Yaya zuwa kimanin mita 1 da rabi babu ko tsiro ɗaya, tsakuwa ce zalla. Na ce, "Yaya, nan kuma rowar fure kika yi?" Sai fuskarta ta sauya. Ta ce a watan Afrilu na 2022 gobara ta tashi a arewa maso gabashin garin, iska na kaɗa ta, ta cinye gidaje wajen 30. Su ba ta iso unguwarsu ba, amma sun kwana da takardunsu a jaka a bakin ƙofa, ga ta da tsohon ciki. Mijinta ya ƙara mini bayani cewa a da can ƙaramar wuta takan bi ƙasan dajin duk bayan 'yan shekaru ta share shi, manyan fain kuwa kaurin ɓawonsu ya kare su. Da aka shafe sama da shekara 100 ana kashe kowace wuta sai dajin ya cushe, busasshen ganye ya taru, yanzu in ta kama har ƙololuwar bishiya take hawa. Shi ya sa ake share alluran fain daga rufi da indararo, a nisanta itatuwa masu ƙaro daga bango, a bar tazara tsakanin shuka da shuka. Ashe a can lambu ma yana iya zama sanadin tsirar gida ko ƙonewarsa.

Daren da zan taho muka zauna a waje, taurari sun cika sama fal, don garin yana da dokar rage hasken fitilu, kuma a nan ne aka gano Fuluto a 1930. Na ce, "Yaya, har yanzu kina son komawa?" Ta yi shiru, ta gyara wa ɗanta goyo, sannan ta ce, "Kewar Inna ba ta barina ko kwana ɗaya. Amma Auta, kin san dogon yaron ƙofar gidanmu asalinsa daga Indiya aka kawo shi? Yau wa zai ce masa baƙo? Sai da na san sunan abin da ke tsirowa a garin nan, na san maƙwabtana, sannan na iya barci." Zoɓon ma ba ta haƙura ba, yana nan guda ɗaya a tukunya bakin taga cikin ɗaki, bai taɓa yin fure ba, ita kuma ba ta fasa ba shi ruwa ba.

Don haka ke 'yar uwa da ake shirin kai ki wani gari, ko Jos ne ko Gembu ko bayan teku, in kin sauka ki tambayi tsofaffin wurin me ƙasarsu take so kafin ki haƙa rami. Ke kuma da kike gida, ki dubi lalle da kurna da sabara da aduwa da idon daraja, don na ga inda ake biyan kuɗi a ƙofa domin kallon irinsu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.